Tsohon Ruwan Arzika Majemi

Ni baduku ne, sunana Idi, kuma shekara talatin da ɗoriya ke nan fatar mutum ɗaya nake ɗinkawa a garin Tawa. Mutumin shi ne Arzika majemi. In ka ga takalmi ko kuben takobi ko jakar da Buzaye ke rataya wa raƙumi ta fito daga rumfata, to ta hannun Arzika ta bi kafin ta iso nawa. Mutane suna yaba ɗinkina, ni kuma ina karɓar yabon ba kunya ba tsoron Allah, amma gaskiyar magana rabin aikin nasa ne. Fatar da ba ta jemu ba, ko wa ya ɗinka ta, damina ɗaya ta isa ta tona masa asiri.

Arzika ɗan wani ƙauye ne a gefen Barmu, kuma jima gadonsu ce tun kaka da kakanni. Ya shigo Tawa yana saurayi, a shekarar da fari ya kashe dabbobi har fatu suka fi ƙarfin masu jeme su. Ya zo da niyyar wata uku, ya samu wuri a majemar da ke bayan gari, bai sake komawa ba sai gaisuwa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, hannuwansa sun rine har gwiwar hannu, launin da sabulun duniya ba zai fitar ba. Magana kuwa sai ka ce aro yake yi. Kana iya jera masa gaisuwa goma ya haɗa su duka ya biya ka da "lahiya lau" guda ɗaya.

Wanda bai san jima ba bari in gutsura masa. Fata tana kwana a ruwan toka har gashi ya saki, a kankare ta da kartaji, wato wuƙar majema mai mariƙi biyu, a jiƙa ta da kashin tattabara ta yi laushi. Daga nan sai ruwan bagaruwa, wanda shi ne uban aikin. Ana daka ƴaƴan bagaruwa a zuba a kwatarniya su kwana cikin ruwa. Wanda fata ba ta taɓa shiga ba shi ne sabon ruwa. Wanda fatu suka yi ta kwana a ciki har ya yi duhu ya yi yauƙi, shi ne tsohon ruwa, kuma da shi ake fara wa ɗanyar fata don ba ya da zafi. Yana da amfaninsa, amma a wurin majema ba abin ba wa mutum ba ne. In abokin sana'a ya roƙe ka ruwan bagaruwa ka ɗebo masa tsoho, ka zage shi ke nan ba ka buɗe baki ba. Warinsa kuwa, ni da na saba ma sai na ja rawani na rufe hanci.

Warin nan shi ya canja zaman gidan Arzika. Ƴaƴansa huɗu da matarsa Hajaratu, kuma ta ukun, Rahinatu, ita ce mai kan karatu. Tana ƴar shekara tara ta kan biya ta majema daga lakwal, wato makarantar boko, ta zauna kusa da ubanta. Wata rana ta dawo gida da kuka. Ƴan ajinsu sun toshe hanci da ta shigo, suka yi mata waƙa da sunan ɗiyar majemi, har wadda suke zama benci ɗaya ta tashi ta bar mata wurin. Arzika bai je lakwal ya yi faɗa ba. Washegari ya sayi sabulu ya ajiye riga ta biyu a gidan wani mai famfo da ke kan hanya. Tun daga ranar bai sake shiga gidansa da kayan aiki ba, sai ya yi wanka ya sauya. Ya kuma kafa doka: kada ɗansa ko ɗaya ya sake taka majema, ko da aike.

Na gaya masa wauta ce. Na ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, da wannan warin ka ciyar da su, da shi ka yi musu sutura. Ya saurare ni har na gaji, sannan ya tambaye ni ko fata nawa nake so ranar Lahadi. Haka Arzika yake, in ya ƙi abu ba ya gardama, sai ya bar ka kana yi da iska.

Da aka hana Rahinatu majema sai ta dawo rumfata. Nan take zama bayan lakwal tana kallon yadda nake rina fata, tana damuna da tambaya har in kore ta, gobe ta dawo. Ta girma, ta ci jarrabawa, ta tafi jami'a a Yamai ta karanta ilimin haɗa sinadarai. Ta gama digiri na farko, ta gama na biyu, ta shiga neman doktora. Ubanta bai taɓa tambayarta me take karantawa ba, ba don bai damu ba, sai don yana ganin abin ya fi ƙarfin bakinsa. Ni da ba ni da wannan kunyar, da ta zo hutu na tsare ta.

"Rahina, wai mi kika dahwawa can Yamai shekara da shekaru? Ko ganda ce ai ta nuna."

Ta yi dariya ta zauna a kan buzun da take zama tun tana ƙarama. Ta ce akwai wani irin batir da ba a cajinsa. Ana ba shi wata iska mai suna idirojen, ya haɗa ta da iskar da muke shaƙa, ya ba da wutar lantarki, abin da yake fitarwa kuma ruwa ne kawai, ba hayaƙi. Matsalar ita ce iskokin nan ba sa yin aikin da sauri sai an sa musu wani ƙarfe mai suna platin, wanda tsadarsa ta sa talaka ba zai taɓa ganin batirin ba.

"Aikin platin ɗin awa na kanwa cikin tukunyar wake na, Baba Idi," in ji ta. "Ba shi na abincin ba, amma in babu shi sai ka wuni kana hura wuta. Ni abin da nika nema shi na kanwar da ba ta da tsada."

Abin da take so ta sa a madadinsa baƙin ƙarfe ne da gawayi da wani sinadari da ta kira azot, wanda ta ce yana cikin takin zamani da cikin naman jiki. Amma ba a dunƙule ba. Sai an mayar da su ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda kusan dubu za su jeru kafin su kai kaurin gashi ɗaya, don iska ta samu inda za ta taɓa ko ta ina. Na tambaye ta da wane turmi ake daka abu ya yi wannan laushi. Ta ce ba dakawa ake yi ba, ginawa ake yi. In ka zuba ruwan ƙarfe cikin ruwan bagaruwa, abin da ke cikin bagaruwar yana kama ƙarfen, ya kama ɗan'uwansa, su yi ta sarƙewa har su nannaɗe su zama ƴan dunƙule. Ruwan ya koma baƙi ƙirin. Sai a tace, a shanya, a gasa a murhun da ba iska a ciki, da zafin da ya kai na maƙera, a samu baƙin gari.

Na ajiye basilla na dube ta. "Ke! Ai wanga kuloko na. Da shi muka baƙanta hwata tun ba a haihi kakanki ba."

"To ina kaka tsammani nig gano shi?" in ji ta. "Nan wurin ga, ina zaune kana korata."

Ranar na yi ta fankama a kasuwa har maƙwabtana suka gaji da ni.

Bayan ta koma da wata biyu, wata Laraba da hantsi, ina majema na je ɗaukar fatu, sai wayar Arzika ta yi ƙara. Rahinatu ce. Ta ce wata ƙawarta za ta hau motar Yamai da azahar, tana so ya aiko mata da ruwan bagaruwa lita biyu, irin wanda yake aiki da shi. Ya ce to, don bai iya ce mata a'a ba. Da ya kashe wayar sai ya tsaya yana kallon kwatarniyoyinsa. Babu sabon ruwa ko ɗigo, kuma bagaruwa ba ta sakin ƙarfinta sai ta kwana. Ya zaga ya dawo, ya zaga ya dawo. Can sai ya ɗauki ƙwarya ya ɗebo tsohon ruwa. Ya tace shi da ƙyalle sau uku, ya tafasa shi don warin ya ragu, ya bari ya huce, ya ɗura a bido, wato jarka. Ni na kai bidon tasha a kan babur ɗina. Da zan tashi ya riƙe mini hannu.

"Idi, ba ka ga komi ba."

Na ce ban gani ba. A raina na ce ruwa ruwa ne, in bai yi mata ba ta nemi wani.

Sai ga shi ya yi. Bayan mako shida ta kira tana magana da sauri har ba a gane ta. Sun aika baƙin garin da ta haɗa zuwa wata ƙasa an duba shi da na'urar da ke ganin abin da ido ba ya gani, an turo hoto. Ta turo mini shi a waya: ƴan ƙwayoyi kai ɗaya, a baje kamar gero a kan tabarma, babu wanda ya manne da wani. Da suka gwada shi a batirin, bai kai platin ba, amma ya bi sawunsa kusa fiye da duk abin da aka taɓa haɗawa a ɗakin bincikensu da suke kira labo. Malamin da ke duba aikinta ya yi murna ya sanar da abokan aikinsa. Saura abu ɗaya, in ji ta. A ƙa'idarsu abin da ya faru sau ɗaya bai faru ba, sai an maimaita shi sau uku. Tana son wani ruwan.

Wannan karon Arzika ya samu lokaci, kuma ya yi niyyar wanke laifinsa. Ya sayi sabuwar kwatarniya. Ya zauna ya tsince bagaruwa ɗaya bayan ɗaya, ya zubar da duk wadda ƙwaro ya taɓa. Ya ɗebo ruwan famfo, ya jiƙa, ya tace, ya ɗura a sabon bido. Ko sarki aka ce a aika wa, iyakar abin da za a yi ke nan.

Bai yi ba. Ƙwayoyin suka cure wuri ɗaya, manya da ƙanana, wutar da suka bayar kuma ba ta kai rabin ta farko ba. Ya sake aikawa, aka sake samun haka. Rahinatu ta kira shi ta ce na farkon ya fi duhu, kuma ya fi ƙarfin wari, ko akwai abin da ya bambanta? Ina tsaye kusa da shi.

"Icce na daban," in ji shi. "Bagaruwa ba ɗaya ta ba."

Ita kuwa ta yarda, don me zai sa ta ƙi? Ta ce to a nemo iccen. Daga nan Arzika ya shiga yawon da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Mutum ya haura sittin, ya bar aikinsa, ya hau motar kasuwa zuwa Barmu ya ɗebo bagaruwar fadama. Ya je Kalfu ya ɗebo ta tudu. Ya je har Tebaram, ya kwana biyu a hanya, ya dawo da buhu a ka da ciwon baya. Kowace ya jiƙa ta daban, ya sa a rubuta sunan garin a jikin bido, ya aika. Ya san sarai ba a can maganin yake ba. Maganin yana nan taku biyar daga inda yake zaune, ƙuda na bin sa.

Na same shi wata rana yana dakan ta Tebaram, na ce, "Arzika, kai dai Allah shi shirye ka. Kalma guda ta gagare ka, ka zaɓi ka zagaye ƙasar Adar duka da ƙahwa? Hwaɗa mata mana."

Ya ajiye taɓaryar. Da ya buɗe baki kuwa ya yi maganar da ta fi duk wadda na taɓa ji daga gare shi tsawo.

"In ce mata mi? In ce ruwan da ruɓaɓɓun hwatu sunka kwana ciki, shi na nib ba ta tak kai gaban malamanta? Su da ka sa hwararen riguna? Ta tsaya gaban mutane ta ce ga abin da ubana ya aiko, ƙazantar majema? Shekara ashirin ina tsare ta ga wanga wari, in koma in ɗura mata shi cikin bido da hannuna. Kuma na ha'ince ta, Idi. Ɗiyata ta roƙe ni ruwa nib ba ta tsoho. Ko kai nib ba tsoho ai ba ka koma gaishe ni ba."

"To in ba a samu iccen ba hwa?"

"Wata bagaruwa za ta dace. Allah na nan."

Na ce Allah na nan, amma bai ce ka ɓoye gaskiya ka bar masa sauran ba. Ya ci gaba da dakansa. Na tafi ina ƙunƙuni, kuma ban faɗa wa kowa ba, wanda shi ne nawa laifin a wannan labari.

Wata bakwai aka yi a haka. Da Babbar Sallah Rahinatu ta zo gida. Kwana uku bayan layya ta shigo rumfata da hantsi, ta gaishe ni ta zauna. Ta rame, kuma ba ta tambaye ni komai ba, abin da ban taɓa gani ba tun tana yarinya. Na ba ta soyayyen nama ta riƙe a hannu ba ta ci ba. Sai da na matsa sannan ta faɗa. Malaminta ya tara masu aiki a labo ya ce, a gaban kowa, sakamakon farkon nan ɗayan biyu ne: ko kuskure, ko kuma ƙirƙirar lambobin aka yi. An ba ta zuwa ƙarshen wata mai zuwa. In ba ta maimaita ba za a soke wannan sashen aikin, a rubuta dalili.

"Ba takardar ba ta ka cin raina, Baba Idi," in ji ta. "In na shiga labo sai a yi shiru. Wanda muka cin abinci tare yanzu shina kulle littahinai in ya gan ni. Ana kallona awa maƙaryaciya. Har ni kaina na hwara tambayar kaina ko na ga abin da nig gani."

Maganar ta zo mini har baki. Na haɗiye ta, don ba tawa ba ce, kuma in ta fito daga bakina ta ɓata abin da ke tsakaninta da ubanta har abada. Na ce ta jira ni. Na bar rumfa a buɗe na hau babur.

Majema bayan layya ba wurin hira ba ce. Fatun raguna tuli-tuli, kowa ya sunkuya, ba mai ɗaga kai. Na sami Arzika yana kankara. Ban yi masa sallamar kirki ba. Na gaya masa abin da aka ce wa ɗiyarsa, kalma da kalma, ban rage ba. Na ce ƙaryar da ya yi don kada a toshe mata hanci, ga shi ta sa ana kiranta maƙaryaciya, ita da ba ta yi ba. Na ce ya zaɓa, ko ya faɗa yau, ko ni in faɗa gobe, kuma ya nemi wani baduku.

Kartajin ya tsaya a hannunsa. Ya dubi fatar da ke gabansa kamar yau ya fara ganin irinta. Na ɗauka zai sake tambayata fata nawa nake so.

"Tahi ka ɗauko ta," in ji shi.

"In kai ta gida?"

"Nan."

Na ɗauko ta. Ta sauka daga babur da lallen sallah a hannunta da atamfa sabuwa, ta tsaya a bakin majema tana jiran a ce ta shigo, don dokar tana nan a kanta har lokacin. Majema suka ɗaga kai suna kallo. Arzika ya yafito ta. Ya kai ta gaban wata tsohuwar kwatarniya mai tsaga a baki, ya ɗaga fatar da ke ciki da sanda, baƙin ruwa yana zuba.

"Wanga shi na na hwarko," in ji shi, idonsa a kan ruwan. "Ran da kinka kira babu sabo. Nit tace wanga nid dahwa shi nib ba ki. Ba icce ba na. Ƙarya niy yi miki, kuma na san ƙarya ta duk ran da nit tahi Barmu da Kalhu. Ki gahwarce ni."

Ban taɓa jin uba a garin nan ya nemi gafarar ɗiyarsa a gaban mutane ba. Na kau da kai, sauran majema ma kowa ya koma kan fatarsa.

Rahinatu ta dube shi. Da ta yi magana muryarta ba ta tashi ba. "Wata bakwai, Baba."

"Na sani."

Ta durƙusa a gefen kwatarniyar, atamfar tana shan laka, ta sunkuyar da kai ta shaƙa. Ni da nake nesa sai da na riƙe numfashi. Ita kuwa ta rufe ido.

"Shi na," in ji ta. "Ran da nib buɗe bidon hwarko, sai da nir ruhe ƙohwar labo niz zauna ni kaɗai. Na rasa mi ya sa nika son kuka. Ashe ƙamshinka na, na lokacin da kaka ɗaukata ga kahwaɗa. Sauran bidunan ba su da ƙamshin kowa. Na tambaye ka kac ce icce na, ni ko ban taɓa jin ka yi ƙarya ba."

Arzika ya mayar da fatar cikin kwatarniya. Ita kuwa ta share fuska da gefen gyale, ta miƙe, ta koma Rahinatun da na sani. Fata nawa ta shiga ruwan nan? Ta awaki ko ta tumaki? Kwana nawa kowace ta yi? Yaya yake gane ruwa ya tsufa? Ya fara amsawa da kalma ɗaya-ɗaya, sannan bakinsa ya saki. Ya nuna mata yadda ake murza ruwan tsakanin yatsu a ji yauƙinsa, da yadda ake ɗanɗana shi a kan harshe a tofar. Ta naɗe hannun riga ta tsoma hannu har wuyan hannu ta murza. Ta ce tana zaton fatun suna sakin wani abu nasu a cikin ruwan, mai ɗauke da azot ɗin da take nema, kuma shi ne yake lulluɓe ƙwayoyin ya hana su mannewa. Ta ce zato ne, sai an gwada. Suka yi har la'asar a tsugune, ita tana rubutu, shi yana gyara mata: na lokacin zafi kwana biyu, na damina uku, kada ta haɗa su. Ta koma Yamai da bido uku, ruwa mai fata biyar, mai goma, da mai ashirin.

Mako uku ba labari. Arzika bai tambaye ni ko na ji wani abu ba, ni ma ban tambaye shi ba, amma na lura wayarsa ta bar aljihun rigar da ke rataye ta dawo kan wani dutse kusa da inda yake aiki. Ran da ta yi ƙara ina wurin, da safe ne. Hannunsa da jima, sai ni na ɗauka na kara masa a kunne, don haka na ji duka. Mai fata biyar bai yi ba. Mai goma da mai ashirin sun yi, sau uku-uku, ƙwayoyin kai ɗaya kamar na farko. Ta ce aiki yana gaba da yawa, ba a san ko garin zai daɗe yana aiki a batir ba, kuma sai ta gano ainihin abin da fata ke saki. Amma malamin ya sake tara mutanen da ya tara wancan karon, ya ce a gabansu ya yi mata zato mara kyau, ya janye.

"Ka ji, Baba? Ya ce gaskiya nih hwaɗi."

"To madalla," in ji Arzika. "Allah shi yi albarka."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Na kashe wayar, shi kuma ya koma kan aikinsa. Sai na ga fatar da yake kankara ya riga ya gama ta tun kafin kiran, fes take, ba sauran gashi ko ɗaya. Ya ci gaba da bin wuri guda da kartaji, yana bi yana bi, har ƙarfen ya huda ta ya fita ta baya. Tun da nake zuwa majemar nan ban taɓa ganin ya huda fata ba.

Ya tsaya yana kallon hudar. "Kartajin ga ya cika kaihi," in ji shi.

Na ce haka ne, ya cika kaifi. Na kama masa ɗaya gefen fatar na riƙe, har ya gama share idonsa da kafaɗa, don hannuwansa duka biyu da jima.